Saƙon Inna a Rediyon Motar Habu

Tun da na dawo daga Dabar Kolo ban samu sakat ba. Duk wanda ya kawo mini wankin hula sai ya tsaya ya ce, "Sale, wai da gaske ne ka shiga kwalekwale?" A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa, Habu direba ya ba da labarin sau ba adadi, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji yana cewa wai na suma a shingen jami'an tsaro. Ban suma ba, zama na yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna yadda abin ya faru. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara. Kuma na nemi izinin Inna kafin in ɗauki biro. Abin da ta ce in bari, na bari.

Inna, wato mahaifiyata, wa ɗaya gare ta a duniya, shi ne Kawu Modu, yana zaune a Dabar Kolo, wani ƙauyen masunta a bayan Nguru. Can aka haife su. Aure ne ya kawo Inna Haɗejia, shi kuma ya zauna tare da Kaka, mahaifiyarsu. Shekara ashirin da biyu ke nan da Kaka ta kwanta ciwo kusan wata guda, Kawu bai aiko ba, yana ganin za ta tashi. Da saƙo ya iso, na rasuwa ne. Inna ta je ta tarar an yi kwana biyu da binnewa. A gaban masu zaman makoki ta faɗa masa magana mai zafi, ta kamo hanya ko sadakar bakwai ba ta tsaya ba. Tun daga ranar ba ta sake kiran sunansa ba, mu ma ba mu isa mu kira a gabanta ba.

Bana da damina ƙafafunta suka kumbura, ta daina fita ko ƙofar gida. Wata safiya ta kira ni ta ce, "Sale, ba na so in shiga kabari da wannan kayan a kaina." Na ce to a kira shi a waya. Muka samu 'yarsa Yagana, wadda ke kula da shi, ta ce kunnen Baba ya yi nauyi, ba ya jin waya ko kaɗan. Abu ɗaya ta san yana ji: idan masu sayen kifi suka zo da mota, yakan shiga ya zauna, a ƙure masa rediyo ya saurari tafsiri.

Inna tana da 'yar na'urar nan ta sauraron karatu da ake ce wa emfi, girmanta bai fi akwatin ashana ba, kuma tana ɗaukar murya. Isiyaku mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya nuna mini madannin ɗauka, ni kuma na nuna mata. Ta kore mu duka, har matata da ke shara a tsakar gida sai da aka ce ta koma zaure. Bayan wani lokaci ta kira ni, ta ɗora emfin a tafin hannuna, ta rufe da nata.

"Wannan amana ce. Kunnen Ya Modu kaɗai. Ba kai ba, ba direba ba, ba Yagana ba."

"To, Inna."

"To ba alkawari ba ne. Ka ce ka ɗauka."

"Na ɗauka."

Wanda ya san ni ya san abin da wannan kalma za ta yi mini. Ni ne in na kulle shago nake dawowa sau biyu in taɓa kwaɗon. Yanzu ga shi an ba ni abin da dannawa ɗaya ta kuskure za ta goge, mai shi kuma ba ta da ƙarfin sake faɗa.

Habu abokina ne tun muna yara, ya yarda zai kai ni. Sai dai rediyon motarsa kaset kaɗai yake ci. Babu ramin memori, babu ramin igiya. Isiyaku ya leƙa ya yi dariya, ya shiga shago ya tono wani kaset daga ƙasan akwati. Kamar kowane kaset yake, amma babu zare a cikinsa, sai wata siririyar igiya da ta fito daga gefe. Ya ce a tura shi cikin rediyon, a cusa bakin igiyar a ramin emfi inda ake sa abin kunne, shi ke nan. Muka gwada da karatun Alƙur'ani da ke ciki, murya ta fito tar daga ƙofofin mota. Na ce ya rubuta mini komai a takarda, ɗaya bayan ɗaya, har da madannin da ba a taɓawa. Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Muka tashi da hantsi ranar Talata. Inna ta ba mu ƙullin daddawa da turmin atamfa a kai wa Yagana. Lokacin kaka ne, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, ko'ina masu yankan shinkafa. Habu ya ce mu sa karatu don albarkar hanya. Na ce kada batir ya ƙare. Ya ce, "Kai dai Sale, in an bi ta taka ko numfashi sai mun yi tattalinsa." Na haɗa, na riƙe emfin da hannu biyu.

Kafin mu kai Birniwa wani bijimi ya faɗo titi. Habu ya taka birki, bai ko taɓa shi ba. Amma ni na zabura na fizge hannuna zuwa ƙirji, igiyar ta tsinke daga gindinta. Karatu ya ɗauke. Na dubi guntun igiyar a hannuna, na dubi kaset ɗin da ya maƙale a ciki.

"Bijimi ya tsira, mota ta tsira, kaset ne ya yi shahada," in ji Habu.

Ban yi dariya ba. Na fito da takardar Isiyaku na karanta daga sama har ƙasa, babu inda ya rubuta abin da za a yi in igiya ta tsinke.

A Birniwa muka zaga masu kayan waya. Wani ya juya guntun igiyar ya ce, "Malam, rabona da ganin irin wannan tun kafin in yi aure. Ku tafi Nguru." Muka yi azahar, muka ci ɗanwake a wata rumfa, Habu ya sayi kankana biyu ya jefa a but ɗin mota. Ni dai na ci ne don kada a ce ban ci ba. Kafin mu tashi na naɗe emfin a hankici, na sa a leda, na cusa a cikin wata tsohuwar hula, na sake sawa a leda, na tura aljihun gaba.

Wannan naɗin ne ya jawo mini a kan iyakar Jigawa da Yobe. Akwai shinge a wurin. Jami'in ya leƙo, ya ga mutum ya dafe ƙirji da hannu biyu yana zare ido. Ko ni ne shi sai na ce ya fito.

"Mene ne a aljihunka?"

Na fito na fara kwancewa. Leda, hula, leda, hankici. Yana ta ja da baya, abokin aikinsa ya gyara tsayuwa. Da emfin ya bayyana sai ya ce, "Duk wannan don wannan? Kunna mu ji abin da ke ciki."

A nan ne na zauna a bakin titi. Na tabbata in na danna zan faɗa kan saƙon Inna ko kan madannin da aka ja wa layi biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai karatu a ciki, akwai kuma muryar mahaifiyata. Ba ta da lafiya. Ta aike ni wurin wanta, ta ce kada kowa ya ji. In ka ce in kunna zan kunna, amma ina roƙonka."

Ya dubi emfin. Sannan ya ce, "Mayar da abinka. Tawa ta rasu bara, ko muryarta ban ajiye ba." Ya tsaya har na gama naɗewa, shi ya riƙe mini ledar ƙarshe. Habu ya ba shi kankana ɗaya, ya ƙi karɓa, sai da muka haɗa shi da Allah.

Mun shiga Nguru wajen la'asar. A layin masu kayan lantarki wani ya ce mu manta da kaset, ya kawo wata aba kamar kan tocila, wai mojuleta. Ana cusa ta a ramin kunna taba na mota, a haɗa ta da emfi da gajeriyar igiya. Tana nuna lamba. Sai a murɗa rediyon mota zuwa wannan lambar daidai, a wurin da babu wata tasha sai shuuu. Na ce, "Ita da rediyon kuma wace igiya ce za ta haɗa su?" Ya ce babu. Ban gane ba, amma na ji kunyar sake tambaya.

Muka cusa, ba ta kawo wuta ba. Ashe ramin tabar Habu ya mutu tun zamanin mai motar na farko. Aka nuna mana wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a gefen tasha, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya sauya fis, ya zaro maƙalallen kaset da tsinke, ya kankare tsatsar ramin. Wuta ta kawo. Ya saita lambobin biyu, ya ce kada in ƙure muryar emfin, in bar ta a tsakiya, rediyon mota za a ƙure, in ba haka ba murya za ta fashe. Na rubuta a bayan takardar Isiyaku. Na danna karatu na farko, ya fito.

Habu ya ce, "To ka ɗan taɓa na Inna mana, kalma ɗaya kawai, mu tabbatar yana nan."

Wallahi har na fara lalubo wurin, don ni ma abin yana cina. Sai na ji karatun yana fitowa daga wani wuri kuma. Akwai mai shayi kusa da mu, yana ta murɗa rediyonsa yana neman labarai. Karatunmu ne a rediyonsa. Na tsayar, nasa ya tsaya. Na sake kunnawa, nasa ya ci gaba. Mai shayin ya ɗaga rediyon ya girgiza ya ce, "Yau kuma wace irin tasha ce wannan, malamin sai ya yi ta hutawa?"

Mai wayarin ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce ai abar 'yar ƙaramar tasha ce, ta iska take aikawa, duk rediyon da ke kusa in ya dace da lambar zai kama. Na ce kusa kamar yaya? Ya ce taku ashirin, wataƙila talatin. Na zare igiyar. Da na bi shawarar Habu, da asirin Inna ya fito a teburin mai shayi a tashar Nguru, tsakanin burodi da ƙwai. 

Rana ta yi ƙasa, ba a bin hanyar ruwa da yamma, sai muka sauka wurin Malam Ari, wani dillalin kifi abokin Habu. Mutanen can akwai gaisuwa. Mu a Haɗejia in an tambayi gida da gajiya da aiki an gama. Su kuwa mutum zai durƙusa yana tafa hannu a hankali, "Wushe, wushe, lale," ka ɗauka ya gama sai ya sake ɗaukowa daga farko. Ni dai "lafiya lau" na yi ta cewa, ban san ko ya dace ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, har muka kwana muka tashi bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba. A unguwarmu kafin baƙo ya cire takalmi an ce masa, "Lafiya dai ko?"

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa da bandar kifi. Muna yin burabusko a gida, amma nasu ya fi laushi, kuma ba sa jin tausayin man shanu. Bayansa shayi a 'yan ƙananan kofuna, baƙi ƙirin, mai ɗaci. Na shanye na farko don ladabi, aka kawo na biyu na ce alhamdulillahi. Habu ya taka mini ƙafa. Ashe uku ne, kuma ba a tsayawa a hanya. Na ukun kamar zuma. Zauren da muka kwana yashi ne fari a shimfiɗe, ƙamshin turaren wuta yana faɗa da warin kifi, ban san wanda ya yi nasara ba. Rigata dai har yau tana ɗauke da su biyun.

Da safe muka bar kwalta muka shiga yashi. Sau biyu muna kafewa, ina turawa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan aljihu. Wajen hantsi hanya ta ƙare a wani tudu. Gabanmu ruwa ne da ciyawar kacala, ta fi mutum tsawo. Wasu masunta biyu da ke gyaran raga suka ce Dabar Kolo tana can ƙetare, mota ba ta shiga sai rani.

Ni ɗan Haɗejia ne, kogi yana bayan gidanmu, amma ban taɓa shiga kwalekwale ba. Na shiga. Ban buɗe ido ba sai da na ji katako ya daki ƙasa. Muryar da ta tarye ni ta mace ce.

"Wannan ne ɗan Goggon? Ku da kuke cika wa duniya buhuna da busassun kwaɗi, ashe ruwan kuke tsoro?"

Yagana ce, taubashiyata. Rabona da ita tun tana budurwa, yanzu har da jikoki. Na ce, "Mu sayarwa muke yi, ba ma bin su gida." Ta ce, "Yi shiru, ɗan mace bawa ne, ɗauko kayan ka biyo uwar gijiyarka." Ta karɓi atamfar ta shinshina daddawar, sai na ga ta juya baya tana share ido da mayafi. Ta ce hayaƙi ne.

Kawu Modu yana zaune a inuwar bukka yana saƙa raga. Dogo ne, siriri, gemu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, bai ji ba. Ya kama fuskata da hannu biyu ya juya ta wajen haske, ya ce da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetare, "Goshin Fanna ne!" Fanna sunan Inna ne. Yagana ta sa baki a kunnensa na hagu, wanda ke da ɗan sauran rai, tana ihu tana nuni da hannu: mota, ƙetare, murya, Fanna. Na nuna masa emfin. Ya dube shi, ya ajiye ragar, ya shiga ɗaki. Da ya fito yana sanye da rigarsa ta Juma'a da hula. Sana'ata ce, na san hular da aka daɗe ana ɓoyo a ƙasan akwati. Yagana ta ce a ci abinci tukuna, ya wuce ta ya nufi bakin ruwa.

Da muka ƙetaro na ga masuntan nan sun rataye rediyo a jikin sanda. Na je na yi musu bayani, ina ta ba da haƙuri. Babban cikinsu ya buɗe bayan rediyon, ya zazzage baturan ya zuba mini a hannu. Ya ce, "Riƙe, don hankalinka ya kwanta." Suka ja ragarsu suka yi nisa.

Habu ya tada mota don kada batir ya mutu, ya ɗage gilasai, muka zaunar da Kawu a gaba. Habu da Yagana suka koma can gindin wata bishiya. Na bi takarda layi-layi. Mojuleta a rami, igiya a emfi, lamba da lamba, muryar emfi a tsakiya, ta rediyo a ƙure. Na lalubo saƙon, na yi bismillah, na danna, na rufe ƙofa na ruga da yatsu a kunne. Ina gudu ina karanta duk abin da ya zo bakina da ƙarfi. Habu ya ce ko da hulata ta faɗi ban tsaya ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Da na ga Kawu ya buɗe ƙofa sai na dawo. Ya jiƙe da zufa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar jikin ƙofa, bai ɗauke ba.

"Muryarta ce," ya ce. "Ta tsufa." Ya ɗago ya dube ni. "Me ta ce?"

 Na sake saita komai, na sake kunnawa, na sake gudu. Da na dawo ya girgiza kai. Yana jin sautin, yana jin inda ta tsaya da inda ta ci gaba, amma kalma ko ɗaya ba ta shiga. Yagana ta ce rabon da ya shiga motar masu kifi tun bara waccan, ba ta san kunnen ya ƙara lalacewa haka ba.

"Kai ɗanta ne," in ji Kawu. "Ka ji, ka faɗa mini."

Na yi masa nuni cewa an hana ni. Yagana ta ce, "To bawan Allah, sai ka mayar mata da kayanta yadda ta ba ka? Ka ce mata ka kai, mota ta ji?" 

Na hau kan tudu na ɗaga waya, babu sabis. Amma in faɗi gaskiya, ko da akwai ban tabbata zan kira ba. Na san Inna. Cewa za ta yi in dawo da shi, kunya ba za ta bar ta ba, kuma ba za ta sake yin wani ba. In na saurara na karya alkawari. In ban saurara ba, ita da shi za su tafi a haka. Na zagaya motar ban san sau nawa ba. Kawu yana zaune cikin rigar Juma'a, hannunsa a kan ƙofa, yana jira. Na yi istigifari tun kafin in aikata laifin, na ce Allah ka ga niyyata, in akwai zunubi a rubuta mini ni kaɗai. Na ce wa su Habu su shiga kwalekwale su yi nisa sosai. Na shiga mazaunin direba na rufe ƙofa.

Na so in rage muryar, Kawu ya riƙe hannuna. Yana so ya ji ta a tafinsa. Haka muka yi: in kunna, Inna ta yi magana har gilashi yana rawa, in tsayar, in sa baki a kunnensa na hagu in maimaita da iyakar ƙarfina.

Ta fara da sallama, ta ce, "Ya Modu, ni ce Fanna." Na faɗa. Ta tambayi jikinsa da 'ya'ya. Na faɗa. Sai ta ce, "Na aiko maka Sale. A cikin 'ya'yana shi ne matsoraci, ko kaza ba ya iya yankawa, amma ba ya cin amana."

Na tsayar, na sa baki a kunnensa. Na faɗa.

"Wane ne matsoracin?" in ji Kawu.

"Ni!"

Ya gyaɗa kai. "Ci gaba."

Akwai maganganu a tsakiya da ba zan rubuta ba, na yarintarsu ne da na Kaka. Wanda ta yarda in rubuta shi ne na ƙarshe. Ta ce, "Kai ka yi jinyarta wata guda, ni ko ruwa ban miƙa mata ba, sannan na zo na ci mutuncinka a gaban mutane. Haushin kaina nake ji na sauke a kanka. Abin da na ce, cewa ba ni da wa, na janye. Ya Modu, ka yafe mini."

Ban taɓa jin Inna tana roƙon kowa ba. Dole in yi ihu, don in na yi a hankali ba zai ji ba. Na yi ihun, "Ya Modu, ka yafe mini!" Ya ce in sake. Na sake. Ya ce in sake. A na ukun na gane ba rashin ji ba ne.

Ya share fuska da hannun riga ya nuna emfin. "Wannan yana kai amsa?" Na ce yana kaiwa. Na kashe mota, na zare igiya, na duba takarda sau uku, na danna madannin ɗauka, ba wanda aka ja wa layi ba. Ya riƙe abin a bakinsa ya yi magana. Ba ta da tsawo. Wannan karon ban toshe kunne ba, shi bai hana ni ba.

Na mayar wa masunta baturansu. Yagana ta tilasta mana cin tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a bakin ruwa, ta cika mana but da banda, ta ce in gaya wa Goggo bawan da ta aiko ya yi aiki, a ƙara masa tuwo. A hanyar dawowa taya ta yi faci kusa da Birniwa, ban ko damu ba. Abin da ke raina ɗaya ne, yadda zan dubi Inna. Habu ya ce, "Ba sai ka faɗa mata ba. Wa zai gaya mata?" Na ce ni.

Na same ta a kan tabarma ta miƙe ƙafafu. Na durƙusa, ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, "Inna, na ci amanarki. Na ji duka." Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Duka?"

"Duka."

"Har da maganar kazar?"

"Har da ita."

Ta kawar da kai. "Da na san za ka ji, da ban iya faɗin rabinsa ba. Gara da ban sani ba." Sai ta miƙo hannu, muryarta ta yi ƙasa. "Ya ce wani abu?"

Na danna mata. Muryar Kawu ta cika ɗakin: "Fanna! Na ji. Na yafe tun kafin ki kai gida a ranar. Laifin nawa ne, da na aiko tun tana da rai. Kullum sai ta tambaye ki, ni kuma in ce gobe. Ke ce za ki yafe mini."

Inna ta riƙe emfin da hannu biyu, ta kawo shi kusa da bakinta kamar yana zaune a gabanta. Ta ce, "Na yafe maka, Ya Modu. Duniya da lahira."

Na dubi emfin. Na ce, "Inna, ban danna madannin ɗauka ba. Bai shiga ba."

Ta dube ni, idanunta jajur. "Kai ka ji?"

"Na ji."

"Allah ya ji?"

"Ya ji."

"To ya shiga. Tashi ka je ka ci abinci."